Akwatin Da Ke Bayan Shagon Alhaji Sagir

Ranar da ɗaliban Malama Sa'a suke jarabawar gwaji a kwamfuta, sabis ɗin Kusada ya riƙa jan ƙafa. Da ɗaukewa ya yi gaba ɗaya, da an san abin da za a faɗa wa mutane. Amma sai yaro ya danna amsa, ya zauna yana kallon zobe na juyawa a allo, agogon jarabawa kuwa bai tsaya jiran kowa ba. Malama Sa'a, mai cibiyar jarabawar, ta aika aka kira Abdullatif daga shagonsa na bakin tasha, domin shi ne mai sayar mata da intanet.

Ya duba wayoyinta, ya duba eriya, ya hau kan rufi ya sauko. Komai lafiya. Sai ya kira mijin yayarsa a Kankiya.

"Alhaji, ya sabis a wajenku?"

"Lafiya lau," in ji Alhaji Sagir. Ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa. "Yau ma kau masu POS ba wanda ya yi mani ƙorafi. Halan dai wayarku ce ɓera ya ci."

Malama Sa'a tana tsaye kusa, ta ji komai. Ta gyara mayafi ta ce, "Kullum ranar kasuwarsu haka muke. Su suna lafiya lau, mu muna duba ɓera."

Abdullatif ya mayar da wayar aljihu. Ba yau ya fara jin irin wannan magana ba. A majalisar bakin tasha an sha cewa Kankiya ba ta taɓa yafe wa Kusada cire ta da aka yi aka ba ta ƙaramar hukuma ba, shi ya sa ko intanet sai ta sha ta rage take miƙo masu. Da can dariya yake yi. Ran nan, da ya ga wata yarinya ta kifa kai a kan tebur tana kuka don lokacinta ya ƙare tambayoyi na nan, dariyar ba ta zo ba.

Kamfanin nasu ne su biyu. Alhaji Sagir ya kawo wuri da sanayya da manyan 'yan kasuwa, Abdullatif ya kawo difilomarsa ta kwamfuta da ƙafafun hawa ƙarfen sabis. Suna sayen intanet a sari daga babbar igiyar da ta bi titin Kano zuwa Katsina, ta shigo wani ɗaki a bayan shagon Alhaji, inda rautarsu take, wato na'urar da ke rarraba intanet ɗin. Daga nan suka ja igiyar fayiba bisa falwaya har Kusada, suka kuma harba wa Rimaye da Dudunni ta eriya. Duk abin da kowa ya aika ko ya karɓa a garuruwan nan sai ya ratsa ta cikin wannan akwati ɗaya, kuma makullin ɗakin yana aljihun Alhaji.

Bayan jarabawar, ba tare da ya faɗa wa kowa ba, Abdullatif ya kira masu sarin ya tambaye su ko za a iya sauke wa Kusada layi nata na kanta. Suka ce za su duba. Ya bar maganar a nan.

Sati na zagayowa Alhaji ya kira shi ya ce ya samo injiniya daga Katsina, ya zo su zauna.

Injiniya Zainul Abidin dogo ne, mai magana a hankali, da jakar kwamfuta a kafaɗa. Alhaji ya gabatar da shi ya ce wani abokinsa ne ya haɗa su, yau ne ma zuwansa na farko. Suka ratsa ta cikin shago zuwa ɗakin baya. Ɗakin ba taga, kuma makunnin fitilarsa wani mai wayarin ne ya maƙala shi can bayan ƙofa, ƙasa da gwiwa, inda ko Abdullatif sai da ya daɗe kafin ya daina lalube. Injiniya ne ya fara shiga. Ya sunkuya, ya kai hannu bayan ƙofa, fitila ta kama.

Abdullatif ya dubi Alhaji. Alhaji yana kakkaɓe kujera.

Injiniya ya haɗa kwamfutarsa da rautar, ya ɗan jima yana dubawa, sannan ya juyo. Ya ce matsalar ba ta igiya ba ce, ta cikin akwatin ce. Kowace rauta, in ji shi, tana da ƙofofi da data ke shiga da fita, sannan a tsakiya akwai abin da ke ɗauko ƙunshin data daga wannan ƙofa ya kai wa waccan. Wannan tsakiyar ita ce zuciyar na'urar, ita suke kira fabrik. Ta wannan tsohuwar rauta hanya ɗaya ce tal, kowace ƙofa sai ta jira a zo kanta kafin ta saka nata.

"To me ya sa kullum Kusada ce ke jira?" Abdullatif ya tambaya.

"Don unguwannin Kankiya kowace da ƙofarta. Kusada da Dudunni kuwa duk ta ƙofa ɗaya suke shigowa. In ana zagayawa ana ba kowace ƙofa dama, Kankiya za ta samu sau da yawa kafin a dawo kanku. In hanya ba cunkoso, ba wanda zai lura. Ranar kasuwa kuwa sai a gani."

"Ka ji ko, ƙanin mata," in ji Alhaji yana murmushi. "Ba ni ke zama da dare ina matse maku bututu ba."

"Wa ya jera ƙofofin haka?"

"Kai da hannunka, lokacin da Kusada ba ta wuce gida goma ba."

Gaskiya ne, kuma hakan ya ƙara ɓata masa rai.

Injiniya ya buɗe hoton wani babban akwati mai tsayi kamar firji, da ramukan da ake zura katuna. Ya ce wannan fabrik ɗinsa kurosba ne. Ya zana layuka a tsaye da layuka a kwance suna gicciye juna kamar saƙar tabarma. Kowace ƙofar shiga tana da mahaɗa da kowace ƙofar fita, don haka Rimaye na iya magana da waje a daidai lokacin da Kusada ke yi, ba mai jiran wani, sai in biyu sun nufi ƙofa ɗaya. A nan ne wani ɗan ƙwaƙwalwa a cikin na'urar yake yanke wanda zai fara wucewa.

"Shi wannan mai yankewar, ana iya gaya mashi wanda zai fifita?"

"Ana iyawa."

"Wa zai gaya mashi?"

"Duk wanda ke da lambar sirrin shiga."

"Akwatin kuma ina za a ajiye shi?"

Injiniya ya ɗan kalli Alhaji kafin ya ce, "Inda layin sari yake shigowa. Nan ke nan."

"In ramukan katin sun cika fa? Muna son kai wa ƙauyukan bayan Dudunni."

"Za ku daɗe ba su cika ba. In sun cika, sai a nemi wanda ya fi shi, don kurosba ba a yi mashi ƙari. Yawan mahaɗan yana ninkuwa ne da yawan ƙofofi, akwai inda dole ya tsaya."

Alhaji ya ce shi dai ya gamsu, a kawo. Abdullatif ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani. Alhaji ya ce tunanin me, ai ba aure za a ɗaura ba. A da, irin wannan magana ita ce farkon wasan da za su kwashe rabin yini suna yi, shi ya ce wa Alhaji tsoho, Alhaji ya ce zai mayar masa da yayarsa gida. Yau Abdullatif ya ɗauki hularsa kawai ya ce zai shiga ya gaida Yaya.

Rauda tana tsakar gida tana tsince wake, ƙaramar ɗiyarta Rahma na barci a tabarma. Ta girme shi da yawa, ita ta goya shi, kuma har yau Auta take ce masa. Ta zubo masa dambu. Yana ci ya ce, kamar wanda abin bai dama ba, a kai wa baƙon Alhaji ma.

"An kai. Na cire mashi nashi kafin in sa yaji, ka san ba ya cin yaji."

"Ni ina zan sani? Yau na fara ganinshi."

Hannunta ya tsaya a cikin faifai. Ta ci gaba da tsincewa ba ta ɗago ba.

"Yaya, sau nawa ya ci abinci a gidan nan?"

"Ni ba na ƙirga lomar baƙo."

"Shi kaɗai yake zuwa?"

"Auta, mijina ne, kai kuma ƙanena ne. Kada ka sa ni tsakiya. In akwai abin da kake son sani, ga shi can a shago, bakinshi bai ciwo."

Ya ajiye cokali. Ta ce ya cinye, ya ce ya ƙoshi. A kan babur, hanyar komawa Kusada, ya yi ta juya abin. Zato zunubi ne, ya sani. Amma mutum ba ya ɓoye zuwan injiniya don kawai a sayi na'ura.

Kwanaki kaɗan bayan haka eriyar Rimaye ta karkace saboda iska, wani mai shagon caji ya kira shi. Lokacin kaka ne, an yanke gero, dawa na tsaye ta fi mutum tsawo. Ya biyo ta hanyar gona don ta fi kusa. Yana dab da fitowa filin da ƙarfen yake sai ya hango mota biyu: ta Alhaji, da wata farar mota mai lambar Kano. Ya kashe babur ya tsaya a cikin dawa.

Alhaji ne da Injiniya da wani gajeren mutum mai farin gilashi. Gajeren yana ɗaukar hoton ƙarfen da wayarsa, ya ɗauki akwatin batir, ya ɗauki farantan sola. Ya nuna gabas da hannu, wajen Kusada, ya yi tambaya, Alhaji ya amsa yana kwatanta wani abu da yatsu. Abdullatif ba ya jin abin da suke faɗa. Da safen nan ya yi waya da Alhaji, Alhajin ya ce masa zai tafi gaisuwar mutuwa Katsina.

Ya jira har suka tafi, sannan ya hau ya gyara eriyar.

Bai tunkari Alhaji ba. Maimakon haka ya shiga karatu. Ya tono tsofaffin darussansa, ya bi bayanan da masana'antun rauta ke wallafawa, abin da bai gane ba ya sake karantawa. Sannan ya kira Injiniya ya ce akwai abin da yake son ya duba masa a Kusada, shi kaɗai.

Injiniya ya zo bayan Azahar. Abdullatif ya rufe ƙofar shago, ya kunna fanka, ya ajiye masa ruwa.

"Injiniya, hanya biyu ka nuna mana, tsohuwar da ta ƙare da babban akwati. Babu ta uku?"

Injiniya ya sha ruwa ya ajiye kofin a hankali. "Akwai."

Ya jawo takarda. Ya zana ƙananan akwatuna a jere a ƙasa, ya zana biyu a sama, ya ja layi daga kowane na ƙasa zuwa kowane na sama. Ya ce maimakon ƙaton kurosba ɗaya, ana haɗa ƙanana hawa-hawa su yi aikin babba. Kwastomomi suna shiga ta na ƙasa. Na sama aikinsu haɗa na ƙasa da juna da kuma waje. In jama'a sun ƙaru, a ƙara na ƙasa. In hanya ta cushe, a ƙara na sama. In na sama ɗaya ya mutu, ɗayan ya ɗauki kayan, a hankali dai, amma ba a tsaya ba. Ya ce manyan rautocin duniya ma, in ka buɗe cikinsu, haka ake saƙa su in sun wuce abin da kurosba ɗaya zai ɗauka.

"Na saman nan dole su zauna ɗaki ɗaya?"

"Ba dole ba, in akwai isassun zaren fayiba a tsakani. Igiyarku tana da su, na duba."

"Ka duba."

"Na duba." Bai kawar da ido ba. "Amma kada ka ɗauka alheri ce zalla. Wayoyi za su yi yawa, wurin kuskure ya yi yawa. Dole a saita yadda ake raba kaya tsakanin na sama, in ba haka ba ɗaya ya cika ɗaya na hamma, ko saƙo ya rabu biyu ƙarshensa ya riga farkonsa isowa. Kuma kowane gefe sai an samu wanda ya san abin da yake yi. Babban akwati ya fi sauƙin riƙo nesa ba kusa ba. Ban yi maku ƙarya ba."

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Me ya sa ba ka faɗi wannan ba ran nan?"

"Ba abin da aka tambaye ni ke nan ba."

"Me aka tambaye ka?"

Injiniya ya naɗe takardar gida biyu, ya sake buɗewa. "An ce in zaɓo akwatin da zai zauna daidai da wani tsari da ake da shi."

"Tsarin wa? Na mai farin gilashi?"

Sai a nan fuskarsa ta canza. "Malam Abdullatif, ni aiki aka ba ni. Abin da ya shafi na'ura, tambaye ni har gobe. Abin da ya wuce na'ura, tsakaninka ne da Alhaji." Ya miƙe ya rataya jaka. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "In kamfani kai ɗaya gare shi, babban akwati ya fi. In kai biyu ne, ka ga dai abin da na zana."

Ya bar takardar a kan tebur. Abdullatif ya daɗe yana tunanin ko mantuwa ce, ko da gangan ne, ko ma Alhaji ne ya ce ya bari don a ga abin da zai yi.

Washegari da hantsi ya tafi Kankiya. Ya tarar da Alhaji yana sallamar wani mai sayen kati. Ya jira mutumin ya fita, sannan ya shimfiɗa takardar a kan kanta.

"Ya aka ji da gaisuwar Katsina, Alhaji?"

"Alhamdu lillahi."

"Ban san an mayar da maƙabartar Rimaye ba."

Alhaji ya dubi takardar, ya dube shi. Ya zagayo ya tura ƙofar shagon ya rage kaɗan, ya zauna a kan benci. Bai yi musu ba. Ya ce wani kamfani ne na Kano ke son haɗiye ƙananan masu sayar da intanet a wannan yanki. Sunan wakilinsu Kabir Dawuda, shi ne mai farin gilashin. Sun ce in an sa irin akwatinsu, ranar da aka daidaita sai dai su zo su zura katinsu kawai. Ya ce bai sa hannu a komai ba, sauraro kawai yake.

"Kana sauraro da rabona a ciki, ban sani ba."

"Kai da ka kira masu sari ka ce a sauke maka layi a Kusada, ka gaya mani?"

Abdullatif ya janye hannunsa daga kan takardar.

"Washegari suka kira ni," in ji Alhaji. "Suka ce ƙanenka zai ɓalle ne? Na ce ban sani ba. Na zauna ina jira ka zo ka faɗa mani da bakinka. Ka zo gidan nan, ka ci abinci, ka ɗauki Rahma ka yi mata wasa, ba ka ce komai ba. To ni in zauna in jira ranar da za ka kwashe Kusada da Dudunni ka bar ni da igiya a bisa falwaya?"

"Tambaya kawai na yi. Ranar yara sun yi kuka a gabana."

"Ni ma sauraro kawai na yi."

"Mutanen Kano sun fara zuwa kafin in kira masu sari, ko bayan nan?"

Alhaji ya shafa gemu. "Sun taɓa zuwa sau ɗaya da azumi. Na kore su."

"Ba ka faɗa mani ba."

"Abin da na kora, me zan faɗa?"

Abdullatif bai san ko ya yarda ba. Azumi ya wuce da daɗewa kafin jarabawar Malama Sa'a. Ya tuna yadda Injiniya ya kai hannu bayan ƙofa, ya rasa ko sabon sani ne ko tsoho. Alhaji ma yana kallonsa da irin idon da yake kallon sabon kwastoma mai yawan fara'a.

Daga ƙarshe Abdullatif ya buga yatsa a kan takardar. Ya ce shi wannan yake so. Na sama ɗaya a nan, ɗaya a shagonsa. Layin sari na biyu a sauke shi a Kusada, da sunan kamfani ba da sunansa ba. Lambar sirri kowa ya san ta kowa, duk wanda ya taɓa saiti ɗayan ya gani.

Alhaji ya ɗauki takardar ya kai ta kusa da ido, ya bi layukan da yatsa. Bai yi karatun kwamfuta ba, amma ba a taɓa cutarsa a ciniki don bai gane ba.

"In na fahimta, in aka yi haka, ran da ka ga dama sai ka zare wayoyin da suka zo nan, Kusada ta ci gaba da aiki."

"Kai ma haka."

"To wannan gyara ne, ko rabon gado tun ana raye?"

"Da babban akwati kai kaɗai ke iya zarewa, Alhaji."

Alhaji ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. Ya ce a kira Injiniya.

Aikin ya ci lokaci fiye da yadda aka zata. Wayoyi sun yi yawa kamar yadda aka faɗa, har sai da suka riƙa ɗaura wa kowace ƙyalle mai launi. A makon farko an yi kuskure wajen raba kaya, duk data ta riƙa bi ta akwatin Kankiya, na Kusada na zaune ba aiki. Abdullatif ya gani a allonsa, ya hau babur ya nufi Kankiya bai ko kira ba. Ya tarar da Injiniya da Alhaji sun riga sun duƙufa a kai, Injiniya na gumi. Layi ɗaya ne a cikin saitin na'urar aka rubuta ba daidai ba. Abdullatif ya tsaya a kansa har aka gyara, ya karanta da idonsa, ya sa aka sake karanta masa.

Bayan nan sabis ya daidaita. Ranar kasuwa ta zo ta wuce ba wanda ya kira. Malama Sa'a ta yi jarabawa biyu lafiya, ta ƙaro kwamfutoci. Suka ƙara ƙaramin akwati ɗaya suka kai wa ƙauyuka biyu bayan Dudunni ba tare da an kashe wa kowa sabis ba. A majalisar bakin tasha aka koma maganar taki. Tsakanin Abdullatif da Alhaji kuwa gaisuwa ta dawo, wasa bai dawo ba. Kowace safiya kafin ya karya, Abdullatif yakan buɗe allo ya duba ko an taɓa wani abu a Kankiya, kuma yana gani a rubuce cewa daga can ma an shigo an duba nasa.

Rauda ta zo Kusada biki, ta biyo ta shagonsa. Ta tsaya tana kallon akwatin da fitilunsa masu ƙyaftawa.

"Wannan ne abin da ya hana ku cin abinci kwano ɗaya?"

"Shi ne ya hana mu rabuwa, Yaya."

"Haka shi ma yake cewa," in ji ta. Ta ajiye masa ƙullin ƙuli-ƙuli ta tafi.

Da damina ta kama, wata ranar Laraba da rana, farar mota ta tsaya a ƙofar shagon. Kabir Dawuda ya shigo yana goge gilashinsa da bakin riga. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya yaba tsabtar wurin, ya nemi a nuna masa na'urorin. Abdullatif ya ce ana ganinsu daga nan. Baƙon ya zauna. Ya ce sun ji irin aikin da aka yi, sun yaba. Tun da yanzu Kusada na iya tsayawa da ƙafarta, ba sai an jira kowa ba, kamfaninsu a shirye yake ya karɓi ɓangaren Kusada da Dudunni kaɗai, shi kuma a bar shi manaja.

"Wa ya gaya maku yadda aka haɗa?"

"Ai abin alheri ba ya ɓuya."

"Wa ya turo ka?"

"Ba kowa. Maganar nan tsakanina da kai ce."

Abdullatif ya dube shi. Zai yiwu gaskiya yake faɗa. Zai yiwu Injiniya ne ya kai masu zanen. Zai yiwu kuma Alhaji na zaune a Kankiya yanzu haka yana jiran ya ji amsar da zai bayar. Ya ɗauki waya ya kira, ya buɗe murya, ya ajiye ta a kan tebur tsakaninsu.

"Alhaji, ga baƙonka na Kano a shagona. Ya ce in sayar mashi da Kusada, kada ka sani."

Baƙon ya gyara zama. Wayar ta yi shiru har Abdullatif ya duba ko ta katse.

"Da safe yana nan," in ji Alhaji. "Kankiya da Rimaye ya nema. Ya ce kada ka sani."

"Me ka ce mashi?"

"Na ce ya sha ruwa ya kama hanya. Ka taho mu yi magana, yayarka ta yi tuwon dawa."

Kabir Dawuda ya miƙe ya ce ba a fahimce shi ba ne, kasuwanci ai tayi ne. Ya ajiye katinsa a kan tebur. Abdullatif ya ɗauka ya miƙa masa, ya raka shi har mota, ya tsaya har ta sha kwanar tasha.

Ya kulle shago, ya ɗaure ledar ruwan sama a bayan babur don gabas ta haɗa hadari. Ya wuce gonakin da gero ya fara kai gwiwa, yana bin falwayoyin da igiyarsu ke rataye a kai. Sai da ya yi nisa sannan ya lura cewa tun safe baƙon ya bar Kankiya, yanzu kuma La'asar ta kusa, kuma duk tsawon wannan lokaci Alhaji bai kira shi ya faɗa masa ba, shi ne ya kira. Ya rage gudu kamar zai tsaya. Yayyafi ya fara sauka a kan hannunsa, sai ya ƙara mai, ya yanke shawarar zai tambaye shi bayan an ci tuwo.